Kiɗan da Ba Shi da Mai Shi

Ni ban san lissafin shekaru irin na boko ba, kuma ban taɓa jin kunyar haka ba. Abin da zan ba ku labari ya faru ne damina biyu bayan sojoji sun dawo daga yaƙin basasa, kafin a canza mana kuɗi a ce sule ya mutu. Shekarar ce rijiyar ƙofar gidan maigari ta rufta, kuma a shekarar ce na fara ɗauko tulu daga rafi har gida ban zubar ba. To ku lissafa da kanku.

Abin da ya tono mini maganar, jikana ne da ke karatu a Zariya. Ya zo hutu, yana zaune a gindin turmi ya kunna wani kiɗa a wayarsa. Wani abin busa ya yi ƙara kamar an taka wutsiyar kyanwa, ganguna suka bi shi a guje, ba waƙa, ba amshi. Yana ta dariya yana karanto mini abin da masu saurare suka rubuta a ƙasa. Wani ya ce kiɗan nan ya sa shi kuka. Wani ya ce tukwane ne suka zubo daga kan rumfa. Na ce masa, "Kashe, mai gidana. Wannan gardamar na riga ka jin ta, tun ba a haifi uwarka ba."

Ƙauyenmu yana bayan Randagi, dab da bakin daji. Babana shi ne mai gangar noma. Gado ne, daga kakansa ta sauko. Ku yaran yanzu ba ku san gayya ba, bari in gaya muku. Idan mutum gonarsa ta fi ƙarfinsa, sai ya gayyaci samarin gari, a dafa tuwo, a dama kunu, a jeru da garemani a bakin kunyoyi, mai ganga yana biye da su. Kowane manomi yana da takensa, wato kiɗan da yake nasa shi kaɗai, kamar sunansa. Babana zai ga wani ya fara sanyi, sai ya juya gula ya kaɗa takensa. Za ka ga mutumin ya yi kururuwa, ya sunkuya, ƙasa tana tashi bayansa kamar an sako ingarma. Taken mutum fiye da hamsin yana cikin kan Baba, har na waɗanda suka mutu. A wurinmu ba a san kiɗa haka kawai ba. In ka ji ganga, abin da za ka fara tambaya shi ne, taken wa ake yi?

A farkon daminar nan kawuna, ƙanen Inna, ya dawo daga Ikko inda yake aikin sauke kaya a bakin teku. Ya zo da takalmi mai tsini da garmaho mai cin batir, da faifai guda uku. Biyu na waƙoƙin Hausa ne, kowa ya san su. Na ukun wani baƙin mutum ɗan Amurka, ma'aikacin jirgin ruwa, shi ya ba shi. A jikin kwalin akwai hoton wani baƙi wuluk, ya rufe ido, ya kafa wata algaitar ƙarfe mai lanƙwasa a baki. Kawu ya ce sunan kiɗan jas, amma wannan irin wanda ba a shirya shi ne, kowa abin da ya zo masa yake bugawa.

Ranar wata Juma'a bayan la'asar ya fito da garmahon gindin tsamiyar ƙofar gidanmu. An yi ruwa da safe, ƙasa tana ƙamshi, gari duk ya taru, mu yara muna leƙe ta tsakanin ƙafafun manya. Ya ɗora baƙin faifan ya sauke allura.

Kiɗa ya tashi. Sai mahaucin garinmu ya ce, "Kai, wannan ai jaki ne aka ɗaure shi da rana." Aka fashe da dariya. Maƙwabcinmu Bagware, wanda shi ke buga ganga a cocinsu ranar Lahadi, ya ɗaga hannu ya ce, "Ku yi haƙuri mana, gyaran kaya suke yi, ba su fara ba tukuna." Aka jira. Faifan ya kai ƙarshe. Ya ce, "Af! Ashe sun gama?" Wani tsohon maharbi bai yi dariya ba. Ya ce shi ya taɓa jin irin wannan sau ɗaya, ranar da wuta ta ci dajin yamma, namun daji suna gudu kowa da irin kukansa.

Babana yana tsugune kusa da garmahon, kansa a ƙasa, yatsunsa suna motsi a kan gwiwa. Ya ce, "Sake sa shi." Aka ce haba, mai ganga, kai ma? Ya ce, "Ba ku ji ba ne. Hira suke yi. Mai busar nan tambaya ya yi, mai gangar ya ƙi ba shi amsa, ya zagaya ta baya. Ku saurara, yanzu zai kama shi."

Kakata, uwar Baba, tana zaune a bakin zaure tana kaɗin auduga. Baba ɗanta ne na fari, don haka ba ta faɗin sunansa, ba ta ma kallonsa kai tsaye. Kawu ta tambaya. Ta ce, "Kai ɗan Ikko, taken wa suke yi?"

Kawu ya ce, "Ba taken kowa ba ne, Iya."

"Ba sarki, ba manomi, ba mahauci?"

"Ba kowa."

Ta ajiye mazari. Ta ce, "Babu kiɗan da ba shi da mai shi. In ba na mutum ba ne, to masu shi suna daji, kuma in an kira su za su amsa. Ɗauke abin nan daga ƙofar gidana."

Dariya ta ɗauke. Mutane suka fara janye 'ya'yansu. Mu da muka tashi a bakin dajin nan mun san akwai kukar da ba a zama a gindinta, akwai rafin da ba a ɗiba da tsakar rana. Maganar Kaka ta faɗa a ƙasa mai danshi, ta tsira.

Baba bai daina ba. Kullum in ya dawo gona sai ya bi Kawu ɗakinsa, su sa faifan a hankali har batir ya yi sanyi muryar algaitar ta koma kamar ta bijimi. Inna ta yi magana, ya ce ji kawai yake yi, ji ba laifi ba ne.

Sai gayyar sarkin noma ta zo, ta huɗar dawa, a babbar gonarsa da ta jingina da daji. Ita ce gayya mafi girma a shekara, har daga Tabanni samari kan zo. Mu 'yan mata muna ɗauke da ƙoren kunu da ruwa. Tun hantsi Baba yake kiɗa, take bayan take, gumi ya jiƙe masa riga. Da rana ta take tsaka aka kusa cinye gonar, saura wani ɓangare can kusa da itatuwa. A nan na ji gangar ta canza.

Ba zan iya kwatanta muku ba, kuma ni ba mai rasa magana ba ce. Ta fara kamar taken wani, ta sake shi a hanya. Ta yi gudu, ta tsaya cak, ta yi kamar mai tari, ta yi kamar ruwa a kan jinka. Na dubi fuskar Baba, ya rufe ido kamar mutumin jikin kwalin nan. Ban taɓa jin abu mai daɗi haka ba, kuma ban ƙara ji ba. Samari suka ɗago ɗaya bayan ɗaya suna duban juna, kowa yana jiran ya ji nasa, bai ji ba.

Ana cikin haka ɗan sarkin noma, saurayi mai ji da ƙarfi, wanda yake kan gaba tun safe, ya saki garma ya yanke jiki ya faɗi a cikin kunya. Jikinsa yana makyarkyata, idonsa ya juye. Wata mata ta ƙwala ihu, "Sun amsa! Sun amsa!" Aka watse. Aka ɗauke shi a kan ƙyauren kara zuwa gida. Baba yana tsaye shi kaɗai a tsakiyar gona da gula a hannu.

Yaron ya yi kwana bakwai a kwance ya tashi garau. Amma kafin ya tashi an gama shari'a. Dattawa suka zauna a zauren maigari suka ce ganga ta gidanmu ce, ba za a raba mu da gadonmu ba, sai dai wannan hannun ba zai ƙara taɓa ta ba. Kawu kuwa aka ce ya tattara faifansa, ya koma Ikko tun kafin dawa ta fid da kai. Hausawa sun ce in kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza. A garinmu ba rawa aka canza ba, makaɗin aka canza.

Kakata da hannunta ta sauke gangar daga maratayinta a ɗakin Baba, ta ratsa tsakar gida ta kai wa Baffa, ƙanensa. Ina kallo. Ba ta dubi Baba ba, amma dama ba ta dubansa, saboda haka har yau ban san abin da ke ranta ba. Baffa mutumin kirki ne, Allah ya jiƙansa, amma take bakwai kawai ya iya, su ma yana haɗa na wannan da na wancan. Ku yi tunani. Gida ɗaya, katangar zana ce kawai tsakani. Baffa yana koyo da yamma yana kuskure, Baba yana zaune yana gyaran ƙotar fartanya, ina ganin jijiyar wuyansa tana tashi duk lokacin da aka yi kuskuren. An hana shi ko da gyara.

Mutanen da ya yi shekaru yana kiran sunansu da ganga su ne suka koma ratse hanya in sun hango shi. Aka daina gayyatarsa suna. Mata suka hana 'ya'yansu cin tuwon gidanmu. Ni a rafi ake ce mini 'yar mai kiɗa wa iskoki, na fasa wa wata baki a kan haka, kuma ban yi nadama ba. Bagwaren nan maƙwabcinmu ne kaɗai bai fasa zuwa hira ba. Shi ya taɓa ce masa, "Ni fa har yanzu ban gane kiɗan faifan nan ba. Amma naka na ran nan, na so a ce an bar ka ka kai ƙarshe."

Wata rana da kaka, muna yankan dawa mu biyu a gonarmu, don mu ba mai zuwa mana gayya, na yi ƙarfin hali. Na ce, "Baba, ran nan taken wa ka kaɗa?" Sunan Kaka aka sa mini, shi ya sa yake ce mini uwata. Ya gama ɗaurin dami ya ce:

"Nawa ne, uwata. Shekara talatin ina kiran mutane da ganga. Kin taɓa jin an kaɗa taken makaɗi? Da na ji mutanen faifan nan, sai na ga ashe mai kiɗa ma yana iya faɗin abin da ke cikinsa. Sau ɗaya na gwada."

Ya rayu shekara goma sha ɗaya bayan nan, bai ƙara taɓa fata da gula ba. Babu wanda ya ɗauki kiɗansa a faifai ko a kaset. Mutanen Amurka nasu yana nan, jikokinmu suna ji suna gardama a kai, wasu su yaba wasu su zaga, kuma ba a ƙwace wa kowa algaitarsa ba. Na Baba a cikin kunnena kaɗai ya rage, ni kuwa ba na kiɗa.

Yanzu gayya ta mutu, maganin feshi ya gaje ta. Gonar sarkin noma ba mai iya zuwa, dajin da muke tsoro saboda iskoki yanzu mutane ne a cikinsa da bindigogi, su suka koro mu muka dawo cikin gari. Gangar ma gara ta cinye ta a rumbu.

Cikin waɗanda suka tsaya a gonar nan ran nan, mu uku muka rage. Ni, da matar Baffa wadda idonta ya tafi, da ɗan sarkin noma, wanda ya faɗi. Yana nan layi biyu daga gidan nan, ya tsufa, yana dogara sanda. Bara waccan ya zo mini gaisuwar rasuwar mijina, ya jira mutane suka ragu, ya matso ya ce, "Hajiya, akwai abin da ke cina. Ran gayyar nan kwanana uku da zazzaɓi. Na ɓoye ne don kada a ce ɗan sarkin noma rago ne. Da na farfaɗo na tarar an riga an yanke magana, sai na ji nauyin buɗe baki. Ki yafe mini."

Na ce masa, "Malam, ba ni ka yi wa ba. Wanda ka yi wa ya yi shekara goma sha ɗaya yana wucewa ta ƙofar gidanku."

Har yanzu yana gaishe ni in mun haɗu a hanyar asibiti. Ina amsawa, don gaisuwa ta Allah ce.