Ruwan Wanke Kofi a Germantown

Tafiyar nan ta ba ni wahala. Mil arba'in ne da 'yan kai, amma har yau bayana bai yafe mini ba.

Fort Washington, biyar da rabi

Ina idar da sallar asuba na tada mota. Lin na ɗauka, abokiyar aikin matata a asibiti, don motarta na wajen bakanike. Muryar kakanta za ta je naɗa. Ya haura casa'in, kuma a danginsu shi kaɗai ya rage mai jin yaren ƙauyensu na bakin teku a ƙasar Sin. Ta ce akwai shafi a intanet da 'yan sa kai ke tara irin waɗannan yarukan, kowane ƙauye da gurbinsa. Nasu wayam. Sau uku tana zuwa tana dawowa hannu Rabbana.

Hanyar 270, bakwai saura kwata

Cunkoso tun daga gada, ƙafata na kan birki har ta sage. Na ce, "Wai tsohon ba ya magana ne?"

"Yana yi, Mista Sani. Amma da ya ga makirufo sai ya koma Sinancin rediyo. Suna yara dukansu ake yi a makaranta in sun yi yaren gida."

Germantown, takwas da minti goma

Gidan kakan a bene hawa na uku yake, ba lif. Tsoho ya zauna ƙiƙam gaban na'ura, ya yi ta zuba na rediyon. Lin ta kashe, idonta ya kawo ruwa. Shi kuwa ya jawo kayan shayi, kofunan kamar murfin kwalba. Ya tsiyaye ruwan farko a wani kwano. Ni ban karya ba, ga ƙishi. Na ɗauki kwanon na shanye.

Tsoho ya buga tebur, ya rufe ni da faɗa. Lin ta lallaɓa ta kunna na'ura.

"Me na yi?"

"Ruwan wanke kofi ka sha," ta ce a hankali. "Yaren ne wannan! Don Allah kar ka gyara."

Na ce, "Baba, a yi haƙuri," na kama kofi da hannu biyu kamar ƙwarya. Ya ƙara hawa. Ya kama yatsuna yana gyarawa, daga shayi ya gangara kan mahaifiyarsa, da kwalekwalen ubansa, da sunayen kifi. Minti hamsin yarinyar nan tana durƙushe, hannu a miƙe da makirufo, ko tari ba ta yi ba. Ban ji kalma ɗaya ba, amma na san aiki in na gani.

Gida, biyu da rabi

Mun iso lafiya, alhamdulillahi. Da la'asar Lin ta kira: ta ɗora muryar a shafin, amma tsoho ya ce ba zai ƙara cewa uffan ba sai an kawo mutumin nan da bai iya shan shayi ba.

Washegari na shafa man zafi a baya, na ɗauki makulli.