Yadda Na Kai Ƙarfe Tara Garuruwa Uku

Tun da aka ƙera agogo, ba a ɗora wa ɗan Adam amana irin wadda ofishin ilimi ya ɗora mini ba: in sa agogon bango uku su faɗi magana ɗaya. Jarrabawar shiga sakandare za a fara ran Asabar ƙarfe tara a Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. In wani gari ya riga wani, tambayoyi na iya hawa mota. Ƙarin girmana kuma na rataye da wannan aiki.

Talata, biyar da rabi na asuba, na saita agogon hannuna da rediyo, na bar Malumfashi a Landiroba.

Ƙanƙara, bakwai da kwata. Na tambayi hedimasta, Malam Sani, da me yake saita agogonsa.

"Da kiran ladan, ranka shi daɗe."

"Ladan fa?"

"Shi ƙararrawarmu yake saurare."

Na raba su, na gyara agogo, na sha kunun tsamiya, muka wuce.

Faskari, ɗaya saura. A shinge ɗan sanda ya tambaye mu me muka ɗauko. Direba ya ce lokaci. Ya leƙa bayan mota, bai ga kome ba, ya ɗaga gora.

Agogon hedimasta Alhaji Ilu ya yi gaba da minti ashirin da biyar, kuma da gangan. "Malamaina ba su zuwa sai an yi masu haka," in ji shi. Na yi masa lacca kan daidaito, na mai da agogon baya. Ya saurara da ladabi, ya sa aka kawo tuwon dawa da miyar kuka. Da zan yi alwala na tuɓe agogona na ba shi ajiya. Da ya miƙo mini ya ce, "Na ɗan taimaka mashi, Malam, ya gaji da hanya." Na ɗauka ƙura ya goge.

Laraba, Sabuwa, bayan kwana a Funtuwa. Agogonsu na kulle a kabad cikin kwalinsa, don kayan gwamnati ne, kada ya tsufa. Na sa aka kafa ƙusa, na wana makullinsa ya tashi, na saita shi da nawa.

Na iso gida da yamma lafiya, na gode wa Allah da direba. Uwargida ta kunna rediyo, aka ce ƙarfe shida daidai. Nawa ya ce shida da ashirin da biyar. Landiroba kuwa ta koma ofis.

Ran Asabar Faskari da Sabuwa suka fara a minti guda, don Alhaji Ilu ya sake taimaka wa nasa agogon. Na sami ƙarin girma. Malam Sani ya sami takardar gargaɗi, saboda Ƙanƙara ta makara da minti ashirin da biyar.