Kwabo a Kan Allura

Ranar Juma'ar da muka tashi daga Argungu, a shekarar da aka ba Kabi jiha, na fara ganinsa: wani baƙin faifan garmaho yana sheƙi a cinyar Gwaggo Hajo, yayar babana, kamar ruwan gulbi da hantsi. Muryar mijinta ce a ciki, mawaƙin masunta wanda ambaliya ta tafi da shi, ko gawarsa ba a gani ba. Sau ɗaya aka taɓa ɗaukar waƙarsa a Ikko. Ni mai satar karanta littattafan soyayya sai na ga ashe ga soyayyar nan cikin gidanmu. Yaran mota suka karɓe faifan suka aza bisa buhunan shinkafa, kafin mu kai unguwar Badariya a babban birnin jihar, inda aka mayar da Baba aiki, rana ta tanƙwara shi.

Gyara zaman garmaho ya zama aikina. In na gama shara da wanke-wanke, sai in ɗora masa tasa da ruwa, in yi ta cusa ɓawon kara ƙarƙashin ƙafafunsa har ruwan ya daidaita, sannan in goge faifan da tsohon kallabi. Duk da haka allura na hawa tudun da rana ta yi wa faifan sai ta yi tsalle, ta ƙetare baitin da ya ambaci sunan Gwaggo. Mai gyaran rediyo na bakin kasuwa ya zo ya ɗaure kwabo a kan hannun allurar, baitin ya fito tar, har ana jin inda marigayin ya ja numfashi.

"Inna," in ji shi, "nauyin ga cin faifai shika yi."

"Gulbi ya ci mijina bai bar min komi ba," ta ce. "Bari wanga shi ci, ni ko in ji."

Baba ya ɗauka mata a kaset, ta ture ta ce, "Babu numfashinai ciki." Kowace Juma'a bayan la'asar sai ta kunna, ni kuwa in share baƙin gari a bakin allura, na san muryar ce nake sharewa. 'Yan amshi suka fara dushewa, ganga ta bi su, daga ƙarshe sai shuuu, kamar ana suyar kifi.

Yau waƙoƙi sun cika wayata, babu wadda nake ji har ƙarshe. Gwaggo kuwa ta makance, ta rasu a garin Gulma, kusa da Argungu, tana kunna shuuu ɗin nan, leɓɓanta na bin baiti. Na taɓa ce mata babu komai a ciki. Ta ce, "Ɗiyata, yi shiru, ya kusa kiran sunana."