Mintuna Bakwai na Ta'aziyya

Cikin duk ayyukan da na yi a New York, akwai guda ɗaya da ba zai taɓa fita a raina ba. Wani dattijo mai shirya finafinai ne ɗan Beljiyam ya ɗauke ni fassara. Ya shafe shekaru yana ɗaukar rayuwar masu haƙar kwal da 'yan dakon tashar jiragen ruwa a ƙasarsa, kuma an san shi da kafa kyamara ya yi shiru. Wannan karon mutanenmu na unguwar Bronx ya zo ɗauka.

A cikinsu akwai wata Hajiya 'yar Zango daga Ghana, mai aikin kula da tsofaffi, wadda mijinta ya rasu ana tsakiyar aikin. Ta yarda a ɗauki zaman makoki a falonta da ke titin Grand Concourse bisa dalili ɗaya: dangin mijin da ke can gida suna ta cewa an binne ɗan'uwansu kamar marar kowa, tana so su gani da idonsu.

Ni kuwa rediyo ta horar da ni, inda ake taƙaita komai. Gaisuwar mutum kusan talatin na dunƙule ta a layi ɗaya na rubutacciyar fassara, cewa suna yi mata ta'aziyya. Da dattijon ya zauna tace fim ɗin ya ga layi ɗaya na rakiyar mintuna bakwai, sai ya ce maimaici ne, za a cire.

Nan na gane ɓarnar tawa ce. Na roƙe shi kwana biyu, na koma na fassara gaisuwar kowa daban: direban tasi da ya ajiye mota ya zo, tsohuwar da ta hawo jirgin ruwa daga unguwar St. George da sandarta, Bazabarmen da ya yi sallama ya kasa ƙarasawa. Na bayyana masa cewa a wurinmu kalmomin ɗaya ne, wanda ya tako ya zo shi ake dubawa.

Ya kalla sau biyu, sannan ya ce ko daƙiƙa ɗaya kada a taɓa.

Bayan an aika faifan gida, Hajiya ta kira ni. "Malam, yayan marigayin ya bugo," in ji ta. "Ya ce in yafe musu."

Har yau ina alfahari da kwana biyun nan. Sun koya mini cewa kafin ka taƙaita maganar mutane, ka fara tambayar kanka wanda aka yi ta dominsa.