Ƙafar Dama, Lamba Arba'in da Biyu

Shekara goma sha huɗu ke nan Baba Tsani yana durƙusa wa mutane a kantin takalma. Sunan ya bi shi ne don shi ke hawa ya sauko da kwalayen sama. Ba ya sayarwa sai ya danna yatsan mai saye, ya sa shi ya taka sau uku. Tsohon manaja bai taɓa ƙorafin wannan jinkirin ba, har yakan zauna gefensa a benci ya tambayi gwiwarsa.

Sabon manaja ya zo da farin allo. Wanda ya fi sayarwa a wata zai ɗauki firji, na ƙarshe kuma a mayar da shi sito, inda ba taga, ba mai saye. Daga nan manajan bai ƙara hira da kowa ba, sai dai ya goge lamba ya rubuta wata.

Sati uku sunan Baba Tsani na ƙasan allo. Ya kasa zama. Ya leƙa ƙofa, ya dawo, ya goge madubin da ya riga ya goge. A gida matarsa ta ce in ba zai ci ba, ya daina wahalar da cokali.

Akwai wani baƙin takalmi da ake rububi, lamba arba'in da biyu saura kwali ɗaya. Baba Tsani ya zare ƙafar dama ya cusa a can sama, don duk mai so ya bi ta hannunsa.

Ranar ƙarshen wata wani direba, tsohon kwastomansa, ya nemi takalmin. Baba Tsani ya sauko da ta dama, ya buɗe kwali, babu ta hagu. Doguwa, abokiyar aikinsa da ta fi shi da ciniki ɗaya tal, ta kau da kai. Ita ta ɓoye ta hagun a bayan madubi.

"Baba, har da kai?" ta ce a hankali.

"'Yata, ba zan iya wuni ban ga mutane ba."

Ta ɗauko ta miƙa masa. Ya durƙusa, ya sa wa direba, ya danna yatsa. Ya sake dannawa. Ya daɗe a durƙushe, sannan ya ce takalmin ya matse, kafin sati zai ji masa ciwo. Direba ya yi godiya ya fita hannu wofi.

Ran Litinin ya ja tsaninsa zuwa sito. Har yanzu da ƙofar kanti ta motsa sai ya leƙo, idonsa a kan ƙafar wanda ya shigo.