Na Buga wa Gida Biyu

Wata Asabar a shekarar 1974, ina 'yar shekara tara, ina tsaye riƙe da kulki a filin ciyawar da ke tsakanin gidajen ɗalibai biyu a unguwar Bloomsbury, can ƙasar Turawa, sai ruwa ya kece. Muka kwashe rigunan sanyin da muka jera a madadin kusurwoyi huɗu, kowa ya ruga gida. Wasan besbol ne, wanda Toby, wani yaro Ba'amurke, ya koya mana: a jefo miki ƙwallo ki maka mata kulki, ki zagaye kusurwoyin da gudu, in wani ya cafe ta kafin ta taɓa ƙasa kin fita. Mu 'yan Jan Gida muke karawa da 'yan Farin Gida. Toby, sarkin iyayi, har littafin dokoki na babansa yake yawo da shi. Ya ce Asabar mai zuwa a ɗora daga inda aka tsaya.

A cikin makon muka tashi. Mama na da tsohon ciki, aka ba Baba flat mai ɗaki biyu a Farin Gida. Kwana uku muna jidar tukwane da buhun shinkafa da keken ɗinkin Mama, Binta na taya ni. 'Yar wani likita ce daga Katsina, a Jan Gida suke, ita kaɗai ce yarinyar da nake Hausa da ita, kuma tare muke biya karatu a wajen mahaifiyarta kullum da yamma.

Ran Asabar gardama ta kaure: ni ta wane gida ce? Toby ya yi ta buɗe shafuka, ya ce bai ga inda aka hana mutum buga wa ɓangare biyu ba. Binta ta matso kusa da ni ta ce, "Ke dai ki ce da mu kike, magana ta ƙare." Ni kuwa, gaskiya, so nake yaran sabon gida su karɓe ni. Sai na tsallaka ɓangaren Farin Gida.

Binta ce ta karɓi kulkin a madadina. Ta daki ƙwallon ta yi sama, ta nufo ni kamar an aiko ta, na cafe. Nan aka cinye Jan Gida. Binta ba ta yi faɗa ba, ta tsinci rigarta daga kusurwa ta wuce. Na daina zuwa karatu don kunya. Ina ta shirya yadda zan ba ta haƙuri aka kira babanta ya koma ƙasarmu, don lokacin kuɗin fetur ne, ana ta neman likitoci. Ta taga na hango su suna loda akwatuna a tasi, ban sauka ba.

Yanzu jikokina na kallon 'yan wasa suna sauya ƙungiya a talabijin, bana nan baɗi can, ko a jikinsu. Ni har yau abin yana damuna. Da na bar ƙwallon nan ta suɓuce, ba wanda zai gane.