Jinyar Jumare

Siman mutumin Zangon Kataf ne. Aikin gadi ya kawo shi Legas, da gwiwa ta fara ba shi matsala sai ya koma sharar wani ƙaramin coci a Agege. Gidan haya ɗaya muke, irin mai ɗakuna suna kallon juna. Ni tela ne, Musulmi, kuma duk abin da aka yi a tsakar gidan nan a kan idona ake yin sa.

Ɗakin da ke kallon nasa na Jumare ne, mahauci. Jumare ya iya yanka, wannan ba zan hana shi ba. Bayan wannan kuwa ban san masa wani alheri ba. Ruwan wankin tumbi a ƙofar Siman yake sheƙa shi. Ranar da matar Siman ta rasu, 'yan coci na waƙoƙin makoki, Jumare ya fito da rediyo ya ƙure labarin ƙwallo. Mu Musulmin gidan mun sha kunya ranar.

Tun daga nan Siman ya daina cin Jibin Ubangiji, wato gurasa da ruwan inabin da suke karɓa a coci. Ya ce Yesu ya umarce su su ƙaunaci magabtansu, shi kuwa ko ƙeyar Jumare ya hango sai bakinsa ya yi ɗaci, don haka ba zai je gaban Allah ya yi ƙarya ba. Abin yana cin sa ƙwarai. Shi ke share wurin, shi ke wanke kofunan, amma ran Jibi kowa ya tashi ya bar shi zaune.

Fasto ya ce masa ya fara da aiki, zuciya za ta biyo baya. Siman ya ɗauki maganar kamar umarnin oga. Kullum da safe sai ya gai da Jumare, Jumare ya amsa da kaki. Da Kirsimeti ta zo Siman ya sayi akuya. Kiristocin Arewa sukan ba Musulmi yanka don maƙwabta su samu su ci. Ga liman, ga ni, amma Siman ya ja akuyarsa har ƙofar Jumare. Jumare ya yanka, ya kwashe kai da ƙafa da fata, ya ce shi tunda yake bai taɓa ganin ramammiyar dabba irin wannan ba.

Nakan tambaye shi ko ƙaunar ta iso.

"Tana hanya, Malam," in ji shi. "Ka san gosulon motocin garin nan."

Ana nan ɓarin jikin Jumare ya shanye, magana ma ta ɗauke. Iyalinsa suna can Sakkwato. Abokan sana'a suka yi ta zarya da farko, daga baya ƙafa ta ɗauke. Siman ya shiga ɗakin da fuska a murtuke. Shi ke masa wanka, shi ke ba shi kunu a baki, shi ke zubar da fo. Ya tambaye ni ina alƙibla take, ya juya masa tabarma can. In ya fito sai ya ce mini har yanzu dai ba ya son mutumin nan.

Damina ta wuce a haka. Wata safiya ina kan keken ɗinki sai ga Siman da gudu, da gwiwar tasa, hannu duk kumfar sabulu. Ya ce Jumare ya yi magana. Na ce me ya ce.

"Cewa ya yi, 'Kai arne, ruwan ya yi zafi.'"

Ya bi ɗaki ɗaki yana ba da labari, yana maimaita zagin, yana dariya har da hawaye. Da ya zagayo wurina sai ya tsaya yana kallon hannuwansa.

"Malam, zagina fa ya yi, kuma daɗi na ji," ya ce a hankali. "Wannan Lahadin zan tashi in karɓi Jibi."

Ya koma ya sirka ruwan.